Wa Antibodi Ya Kama? Fashin Baƙi kan Furotin SRC a Binciken Sankara

Wata ɗaliba da ke shirin digiri na biyu a nan Sakkwato ta kawo mini takardar ƙudurin bincikenta. Tana so ta ɗebo tsofaffin samfuran sankarar mama da aka daskarar cikin kakin farafin, ta rina su, ta ƙirga nawa ne daga cikinsu ke ɗauke da furotin SRC-3 fiye da kima. Tunanin ya yi mini. Da na kai shafin kasafin kuɗi sai na ga antibodi guda ɗaya, wato abin da ake sa wa tsoka ya kama furotin ɗin da ake nema ya nuna shi, da lambarsa, da farashinsa a dala. Na bi lambar a intanet, na tarar furotin da yake kamawa nauyinsa 60 ne a kilodalton, ma'aunin da ake auna nauyin furotin da shi.

Na ce, "Malama, wannan ba naki ba ne."

Ta ce, "Malam, ai SRC anka rubuta ga jikinai."

Gaskiyarta, haka aka rubuta. Amma takwara ne. Akwai wani furotin mai suna Src, wanda aka fara gano asalinsa a wata ƙwayar cutar kaji, kuma aiki a kansa ne ya kai Michael Bishop da Harold Varmus ga kyautar Nobel a 1989. Shi ma yana da hannu a sankara, to amma babu dangantakar jini tsakaninsa da SRC ɗin da ɗalibar ke nema, wanda nauyinsa ya kai kusan 160. Da an sayo kwalbar, da rinin ya fito, da ta ga launin ƙasa-ƙasa a madubin ƙara girma ta ƙirga, ta rubuta kundi kan abin da ba ta taɓa gani ba. Wannan shi ne kuskure mafi sauƙin kamawa. Sauran sun fi shi ɓuya, kuma ba a gane su sai an san wane ne SRC.

A 1896 wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata mai sankarar mama ƙwan mahaifa, ƙarin ya ja baya. A 1941 Charles Huggins a Cikago ya nuna kwatankwacin haka ga maza masu sankarar furostet, wato 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsara: idan aka datse homon ɗin maza, ciwon yakan lafa. Daga nan aka san wasu sankarori da homon suke rayuwa. Homon ɗin da ake magana su ne istirojin da furojestaron da testostaron da kotizol, dukkansu jiki na ƙera su daga kolestarol, kuma su ake kira sitiroid. Abin da ya rage shi ne yadda saƙonsu ke shiga ƙwayar halitta. Elwood Jensen ya buɗe wannan ƙofa a 1958, da ya nuna cewa a cikin wasu tsokoki akwai abin da ke cafke istirojin ya riƙe. Mu kira shi makarɓi.

Makarɓi idan ya karɓi homon yakan je ya zauna a wani keɓaɓɓen wuri a kan DNA. Sai dai zaman kawai ba ya biya. DNA ɗin ƙwaya guda ya kai mita 2 in an miƙe shi, an kuwa nannaɗe shi tamau a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari. Makarɓi tamkar mai gona ne da ya iso bakin gonarsa da hauya ɗaya, ga ciyawa ta rufe ko'ina. Yana bukatar wanda zai kira masa gayya. SRC shi ne mai kiran gayyar, sunan ma taƙaitawa ce ta Turancin da ke nufin mai taya makarɓin sitiroid aiki. A tsakiyar jikinsa akwai wasu 'yan gajerun maƙalai guda uku, kowane na amino asid biyar, uku daga ciki liyusin ne, shi ya sa ake rubuta su LXXLL. Da su yake kama makarɓi. Da wutsiyarsa kuma sai ya jawo wasu furotin, p300 ko CBP, waɗanda ke liƙa wa histon alamar asetil har naɗin ya sassauta, ya jawo CARM1 mai liƙa alamar metil. In wuri ya buɗe, injin karatun DNA ya iso, umarnin "ki rabu, ki yawaita" ya fita.

Su uku ne 'yan gidan. An gano SRC-1 a 1995 a ɗakin binciken Bert O'Malley, a kwalejin likitanci ta Baylor da ke Hustan, Amurka. Na biyu ya bayyana a 1996, na uku a 1997. Da yake ɗakunan bincike daban-daban ne suka ci karo da su kusan lokaci guda, kowa ya raɗa nasa sunan. SRC-1 shi ne NCOA1. SRC-2 shi ne NCOA2, shi ne TIF2, shi ne GRIP1. SRC-3 ya fi kowa laƙabi: NCOA3, AIB1, ACTR, RAC3, TRAM-1, p/CIP. Mai neman antibodi ya riƙe sunan NCOA, don shi ne sunan yanka, sauran na wasa ne.

Sunan AIB1 shi ya jawo hankalin masu binciken sankara. Ma'anarsa abin da ya ninku a sankarar mama. Ƙungiyar Paul Meltzer a cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta tarar a 1997 cewa a kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarin maman da ta duba, kwafin ƙwayar gadonsa, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin ƙera shi, wadda ke kan kuromosom na 20, ya ninku, kuma a kusan kashi 60 saƙonta ya yi yawa. A lura, saƙon RNA, wato kwafin umarnin da ke fita daga DNA kafin a ƙera furotin, shi suka auna a wannan adadi na biyu. Da aka koma ƙirga furotin ɗin kansa da antibodi, alƙaluma sun sha bamban daga wannan ɗaki zuwa wancan, wasu sun yi ƙasa sosai. Daga baya an nuna cewa ɓerayen da aka sa mamansu ya riƙa ƙera AIB1 da yawa suna fitar da ƙari. SRC-2 kuwa an fi jin sunansa a sankarar furostet, inda kwafinsa kan ninku a kuromosom na 8, SRC-1 kuma an danganta shi da bazuwar ciwo zuwa wasu sassan jiki.

Wurin da maganar ta fi shafar marasa lafiyarmu shi ne tamoksifen. Ƙwaya ce tsohuwa, tun 1973 ake ba da ita a Ingila, tana da araha, ana samunta a shagunan magani na garin nan, kuma mata da yawa ita ce abin da aljihu zai iya ɗauka na shekara 5. Aikinta shi ne ta shiga gurbin istirojin a jikin makarɓi, ta karkatar da wani ɓangarensa ya toshe ramin da maƙalin LXXLL ke shiga. Mai gona na tsaye, mai kiran gayya ya rasa inda zai kama shi. To amma in mai kiran gayyar ya yi yawa, ko wani ya zuga shi, toshewar ba ta cika riƙewa. A 2002 Yongfeng Shang da Myles Brown a Bostan suka nuna cewa yawan SRC-1 a ƙwayoyin bangon mahaifa na daga abin da ke sa tamoksifen ya yi aiki a can kamar istirojin, alhali a mama kishiyarsa ne. A 2003 kuma Kent Osborne da abokan aikinsa suka duba samfuran mata sama da 300, suka ga cewa cikin waɗanda aka ba tamoksifen, masu yawan AIB1 tare da yawan HER2, wani furotin mai zuga ƙwaya ta yawaita, ciwonsu ya fi saurin dawowa. Abin mamaki, cikin waɗanda ba a ba maganin ba, yawan AIB1 bai zo da mugun sakamako ba. Ke nan furotin ɗin ba shi da fassara guda, sai an san da wa yake tare.

Da yawa daga wannan ilimi na SRC, in ka cire auna RNA da DNA, ta idon antibodi aka gan shi. Furotin ba ya ganuwa a madubi haka kawai.

Antibodi makami ne na garkuwar jiki, furotin mai siffar gwafa, nauyinsa kusan 150, bakinsa biyu suna kama abu guda tak da aka horar da su a kansa. Masu bincike aro suka yi. Ana yi wa zomo ko akuya allurar guntun furotin da ake nema, a jira makonni, a ɗebi jini, a tace. Abin da ke fitowa taron antibodi ne iri-iri, kuma na wannan zomo daban da na wancan, ranar da jininsa ya ƙare shi ke nan an shiga sabon babi ko da lambar kwalba ba ta canza ba. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij suka samo hanyar haɗa ƙwayar da ke ƙera antibodi da ƙwayar sankara marar mutuwa, a sami iri ɗaya tak har abada, abin da ya ba su Nobel a 1984. Yanzu kuma akwai waɗanda ake ƙerawa kai tsaye daga rubutaccen tsarin DNA ɗinsu. A kan antibodi na farko ana ɗora na biyu mai ɗauke da launi ko haske, wanda galibi daga akuya ko jaki ake samunsa. Nakan yi murmushi in na tuna haka, ga jar akuya ga jaki a ƙofar kowane gida daga nan har Illela, mu kuwa muna biyan ɗaruruwan daloli kan ɗigon da bai cika cokalin shayi ba. Har raƙumi yana da nasa labarin: a 1993 masana a Burasel suka gano jininsa na ɗauke da wani antibodi mai sauƙin gini, wanda daga gare shi ake yanko ƙanana masu nauyin 15 kacal, masu jure zafi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne antibodi ba ya ganin furotin gaba ɗayansa. Kowane SRC yana da amino asid sama da 1,400, antibodi kuwa 'yan ƙalilan yake taɓawa. Kamar a aiki yaro kasuwa a ce ya nemo mutum mai tsagen Gobirawa. Zai dawo da mutum, tabbas, amma ko shi ne wanda ake nufi? 'Yan gidan SRC sun fi kama da juna ta wajen kai, sashen da ake kira bHLH-PAS. Antibodin da aka horar a kan wannan sashe yana iya kamo ƙane a madadin wa. Akwai kuma wata matsala ta daban: SRC-3 yana da wani gajeren nau'i marar wannan kai, mai nauyin kusan 130, wanda aka danganta da yawon ƙwayoyin sankara. Mai neman kai ba zai taɓa ganinsa ba. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce, daga wane yanki na furotin aka yanko guntun da aka yi wa dabbar allura? In takardar kwalbar ta yi shiru a kan wannan, ni ba na saye.

Sannan aikin da za a ba shi ma ba ɗaya ba ne. A gwajin da ake kira Westan, ana narkar da tsoka, a warware furotin su miƙe, a tura su da lantarki cikin wani abu mai kama da kamu, ƙanana su yi gaba manya su tsaya baya, sai antibodi ya nuna layi a daidai nauyin da ake tsammani. A rinin tsoka, wato IHC, furotin yana nan a mazauninsa, fomalin, ruwan maganin da ake adana tsoka a ciki, ya ɗaure shi. A wani gwajin kuma ana amfani da antibodi kamar ƙugiya, a fizgo SRC a ga su wa suka biyo shi, ko a fizgo shi tare da guntun DNA ɗin da yake kai, wanda da wannan dabara ne ɗakin Myles Brown ya nuna a 2000 cewa makarɓi da masu taya shi hawa suke suna sauka a kan DNA zagaye-zagaye, ba zaman dirshan ba. Antibodin da ya gane furotin a miƙe yana iya kasa gane shi a naɗe. Na nuna wa ɗalibar cewa aikin Osborne da ta kafa hujja da shi, da Westan aka yi shi a kan daskararriyar tsoka, ita kuwa IHC take so a kan farafin. Ba za ta ɗauki shaidar wancan ta ba wannan ba.

Kada a ɗauka tsoro ne na marasa kayan aiki. Manya sun faɗa ramin. An gano makarɓin istirojin na biyu, ER-beta, a Suwidin a 1996, aka shafe shekara 20 ana wallafa sakamako kan yawansa a sankarar mama. A 2017 wasu masana, su ma a Suwidin, suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen nemansa, suka tarar ɗaya ne kawai ke kama shi shi kaɗai a rinin tsoka, kuma da wannan ɗayan ba su ga furotin ɗin a mama ba. A 2023 wata ƙungiya a Montiriyal ta Kanada, YCharOS, ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, fiye da rabi suka faɗi a aƙalla gwaji ɗaya, kuma waɗanda aka ƙera daga rubutaccen DNA sun fi sauran abin kirki. Ba SRC suka gwada ba, amma kasuwar ɗaya ce.

Ta yaya ake tantancewa? Wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya zayyana hanyoyi biyar a 2016, amma wadda ta fi ƙarfi ita ce mafi sauƙin fahimta: ka kawar da furotin ɗin, ka ga ko launin zai ɓace. Ƙwayoyin MCF-7, waɗanda aka samo daga wata mai sankarar mama a Ditiroit kuma ake renonsu a ɗakunan bincike tun shekarun 1970, suna da ninkin AIB1, don haka dole su ba da layi mai kauri a 160. A ɗauki irinsu a kashe ƙwayar gadon da dabarar yanka DNA da ake kira CRISPR, ko a rage saƙonta da wata dabarar da ake kira siRNA. In layin ya tafi, antibodi ya faɗi gaskiya. In yana nan daram, wani yake kamawa. Wanda ba shi da halin renon ƙwayoyi yana iya roƙon abokin aiki a wani ɗakin ya daskarar masa da nau'in biyu cikin farafin ya aiko, ya riƙa yanka su tare da samfuransa. Hanya ta biyu mai yiwuwa gare mu ita ce antibodi biyu masu kama wurare daban-daban a jikin furotin guda: in sun yi shaida iri ɗaya, hankali ya ɗan kwanta. Tsada ce, na sani. Amma gara samfuri 40 da shaidu biyu da samfuri 200 da shaidar da ba a san halinsa ba.

A kan gilashin ma akwai abin lura. SRC a cibiyar ƙwaya ya fi zama, don haka launin da ya malale ko'ina har cikin kitse da jijiya abin tuhuma ne. Kuma ba ƙwayar sankara kaɗai ke da shi ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kutsawa cikin ƙari suna ɗauke da SRC-3, har ɗakin O'Malley ya ba da rahoto a 2023 cewa cire shi daga wani rukuninsu a jikin ɓeraye ya sa ƙari ya ɓace. Mai ƙirga da bai bambance su ba zai haɗa baƙo da ɗan gida.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, don shi ne namu na kanmu. Duk wanda ya taɓa leƙa majema ya san fata ba ta jira. In aka feɗe akuya aka yar da fatar a rana ba gishiri ba shanya, ko gwanin majemi ba zai mai da ita jemammiyar fata mai kyau ba. Tsokar da aka ciro daga jikin mutum haka take. Daga lokacin da jini ya daina isa gare ta, furotin sun fara lalacewa, kuma SRC-3 dama ba mai daɗewa ba ne, ƙwaya kan yi masa alama ta rushe shi da zarar ya gama aiki. Alamomin fosfet da ke nuna an zuga shi, waɗanda wasu antibodi na musamman ke nema, su suka fi saurin gushewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na binciken tsoka na Amurka suka fitar a 2010 ta ce a jefa tsokar mama cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa 1 ta cika, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Fomalin kuwa a hankali yake ratsawa, kusan milimita 1 a awa, don haka sai an tsattsaga babban ƙari, in ba haka ba bayansa ya jiƙa cikinsa ya ruɓe. Yanzu a kawo watan Afrilu na Sakkwato, zafi ya haura 40, an yi fiɗa ranar Alhamis da yamma a wani ƙaramin asibiti, an miƙa wa ɗan'uwan marar lafiya roba ya shiga mota da ita, fomalin ɗin ma an tsinka shi da ruwan famfo. Antibodi mafi tsada a duniya zai ce babu, alhali da akwai.

Wannan ya riga ya rikita mu a kan ER, wato makarɓin istirojin kansa, wanda ya fi SRC sauƙin gani. Wani nazari na 2009 a kan samfura daga Najeriya da Senegal ya ce mafi rinjayen sankarar maman ba su da ER. Wani da aka yi a Ibadan a 2008, inda aka kula da yadda ake sarrafa tsoka tun daga farko, ya sami kusan kashi 65 suna da shi. Wata bita ta 2014 da ta tattara nazarce-nazarcen Afirka ta ga cewa samfuran da aka tara da shiri sun fi tsofaffin ajiya nuna ER. Ƙuruciyar masu ciwon da bambancin halitta suna da nasu kaso, amma roba da rana ma suna da nasu. Ga mace guda, sakamakon "babu ER" na ƙarya yana nufin a hana ta ƙwayar da za ta amfane ta.

In faɗi abin da zai hana ruɗani: babu asibitin da ke auna SRC-3 don yanke wa marar lafiya magani, nan ko waje. Abin da likita ke nema a yau ER ne da PR, wato makarɓin furojestaron, da HER2. SRC yana ɗakin bincike. Ana dai neman maganin da zai karya shi, kuma ɗaya daga na farkon da aka gwada a 2011 shi ne gosifol, sinadarin da ke cikin angurya, wanda ya rage SRC-1 da SRC-3 a ƙwayoyin da ake reno. Kada wani ya ji haka ya jiƙa wa marar lafiya angurya, gosifol guba ne, makiyaya sun san abin da yawansa ke yi wa ƙananan dabbobi.

Ɗalibar ta dawo bayan mako biyu da sabon tsari. Ta rage samfura. Za ta fara rina kowane da antibodin ER, ta duba lafiyayyun bututun nono da ke gefen ƙarin, waɗanda ya kamata wasu ƙwayoyinsu su ɗauki launi. Duk samfurin da nasa suka fito fari fat za ta ajiye shi gefe. Ga sabbin fiɗa kuma ta shirya 'yar takarda da ma'aikaciyar jinya za ta rubuta lokacin ciro tsoka da lokacin shigarta fomalin. A kasafin akwai antibodi biyu na NCOA3, ɗaya na tsakiya ɗaya na wutsiya, da gurbin rubuta lambar kowane rukuni.

Ta ce, "Malam, saura tahowa da shi. In ya kwana ga hanya fa?"

Muka tsayar cewa ba za a yi odar ba sai Nuwamba, in hunturu ya fara busawa. Ranar da kwalaben suka iso za a rarraba kowace cikin ƙananan bututu goma, don kada a yi ta daskarewa ana narkewa, rabi a firjin sashe, rabi a na wani ɗakin da ke kan sola.